Tambaya da Amsa: Kiɗan Turawa Mai Dogon Zango

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓo kiɗan nan na su Pink Floyd da Yes da Genesis, wanda Turawa ke ce ma progressive rock ko prog a taƙaice, har na ce kunnen da ya tashi da kalangu ba zai sha wahalar jin shi ba. To ashe maganar ta taɓa mutane, saƙonni suka yi ta shigowa daga Katsina da Daura da kewaye. Na zaɓo wasu, na rage ma wasu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Salam Baba. Bayan rasuwar mahaifinmu muna gyaran ɗakinshi sai muka ci karo da wata adaka cike da faifan garmaho, akwai na Shata akwai na Indiya, amma akwai wani mai baƙin kwali an zana gilashi mai kusurwa uku, haske ya shiga fari ya fito da launin bakan gizo, ba hoton kowa. Na bincika a waya aka ce mani Pink Floyd ne. Na saurara to ni dai ban gane ba, a daɗe ba a yi waƙa ba sai kiɗa, ga ƙarar agogo ga dariyar mutane. Wai wane irin kiɗa ne wannan, kuma mi mahaifinmu ya ji a ciki? Daga wani matashi, Ƙofar Ƙaura.

AMSA: Ɗana, Allah shi jiƙan mahaifinka, shi sa ya huta. Faifan da ke hannunka sunanshi The Dark Side of the Moon, ya fito a watan Maris na 1973, a sitidiyon Abbey Road na Landan aka ɗauke shi, kuma kar ka yi mamakin ganin shi cikin adaka a Katsina, don an sayar da kwafi fiye da miliyan 45 a duniya, ya kuma yi sama da mako 700 yana cikin jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka. Mutum huɗu suka yi shi, David Gilmour mai jita, Roger Waters mai jitar bes wanda shi ya rubuta baitocin, Richard Wright mai fiyano, sai Nick Mason mai ganga.

Asalin abin, wajen ƙarshen shekarun 1960 ne wasu samari a Ingila suka ce su fa sun gaji da waƙar minti 3 irin wadda gidan rediyo ke so, a yi baiti a yi amshi a maimaita a tashi. Da yawansu sun koyi kiɗan coci ko kiɗan gargajiyar Turai tun suna yara, wasu sun saba da jaz, to sai suka so waƙa ta yi tafiya, ta taso a hankali ta hau ta sauko ta canza kari ta kai ka inda ba ka zata ba. Mafi yawan masu bin tarihin abin suna fara lissafi daga faifan farko na King Crimson da ya fito a Oktoba 1969. Shi kuma babban faifai kowane gefe minti 20 da 'yan kai yake ɗauka, sai suka ce mi zai hana waƙa guda ta cinye gefe sukutum. Pink Floyd suka yi Echoes mai minti 23 a 1971, Yes suka yi Close to the Edge kusan minti 19 a 1972, a shekarar nan dai Genesis suka yi Supper's Ready ita ma wajen minti 23, su kau Jethro Tull ba su tsaya nan ba, Thick as a Brick waƙa ɗaya ce ta cinye gefe biyu, sama da minti 40, sai ka tashi ka juya faifan tana tsaka da tafiya.

Kuma ka tuna ba kwamfuta lokacin, ba na'urar gyaran murya. In ana son a haɗa sauti da sauti da reza ake yanka tef a liƙa. Akwai wani fiyano da suke ji da shi, Mellotron, kowane maɓalli da ɗan tef ɗinshi a ciki wanda aka ɗauki sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane, in ka danna ya yi wajen daƙiƙa 8 ya ƙare dole ka ɗaga yatsa ya koma baya, ga nauyi ga yawan lalacewa a hanya, amma da shi suka riƙa yin wannan sautin mai kama da hazo da kake ji a bayan waƙoƙin King Crimson da Genesis.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, mi mahaifinka ya ji. Ai amsar na nan cikin adakar tunda ka ce akwai Shata. Mutumin da ya saba zama ya ji Shata ya ɗauko Bakandamiya ya yi ta jan ta, ya tsaya ya bar 'yan amshi su juya, ya yi shiru kalangu ya karɓe maganar shi kaɗai, kuntukuru na bin shi a ƙasa, wannan mutumin ba zai ce an daina waƙa don murya ta tsaya ba. Ya san kiɗa ma magana yake. Abin da Gilmour ke yi da jita kenan in baiti ya ƙare, yana ja ma waya ɗaya rai har sai ta faɗi abin da baitin ya rage. Ban ce kiɗan iri ɗaya ne ba, ba su ko haɗa hanya ba, amma haƙurin sauraren ɗaya ne, kuma iyayenmu suna da shi, mu ne waya ta koya mana tsallake waƙa tun ba ta yi minti ɗaya ba.

Saboda haka ka sake gwadawa, amma da dare, ka sa iyafis mai kyau, ka kashe data in ka riga ka sauke shi, ka bar shi daga farko har ƙarshe, minti 43 ne kawai. Da bugun zuciya yake farawa da shi kuma yake ƙarewa. Agogunan nan da suka firgita ka injiniyan sautin ne, Alan Parsons, ya je shagon tsofaffin agoguna ya ɗauko su. Muryoyin da dariyar kau na mutanen da ke kai da kawo a sitidiyon ne, har da mai gadin ƙofa, aka rubuta masu tambayoyi a kati, kamar kana tsoron mutuwa, yaushe rabonka da faɗa, suka amsa aka ɗauka. Duka faifan magana ɗaya yake, abubuwan da ke cinye ɗan Adam, lokaci da kuɗi da gaba da tsoron mutuwa da taɓin hankali.

Su kuma faya-fayan, ka jera su a tsaye kar ka ɗora wani kan wani, ka nisanta su da rana da zafin kwano don lanƙwashewa suke, ƙurar hunturu ka share da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen layin. Kar ka kuskura ka sa su a tsohon garmahon nan na wani mai allurar ƙarfe, wancan na faifai mai gudun 78 ne, naka 33 ne, sau ɗaya zai huɗe maka shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Maigidana kullum bayan isha'i sai ya kunna irin kiɗan nan. Ni ba na jin Turancin sosai, kuma maƙwabciyata ta ce kiɗan 'yan ƙwaya ne da masu bautar Shaiɗan. Hankalina bai kwanta ba saboda yara na ji. Don Allah mi suke cewa? Daga wata uwar gida, Daura.

AMSA: Hajiya, kin kyauta da kika tambaya maimakon ki bar abin a ciki. Hukuncin kiɗa dai fagen malamai ne su za ki tuntuɓa, ni abin da ke cikin faya-fayan zan faɗa maki tsakani da Allah.

Maganar ƙwaya akwai ƙamshin gaskiya. Wanda ya fara jagorantar Pink Floyd, Syd Barrett, yaro ne mai basira ƙwarai, ya faɗa shan wata ƙwaya da ake ce ma LSD, hankalinshi ya taɓu, a 1968 dole suka ci gaba ba shi, ya koma garinsu Cambridge ya kulle kanshi daga harkar har ya mutu a 2006. Abokan ba su taɓa warkewa daga wannan ba. A 1975 suna sitidiyo suna aikin wata doguwar waƙa da suka yi don shi, Shine On You Crazy Diamond, sai ga wani mutum ya shigo ya yi ƙiba ya aske kai har gira, an daɗe ba wanda ya gane shi, da suka gane Syd ne wasunsu kuka suka yi. Duk wanda ya san labarin nan in yana jin waƙar ba sha'awar ƙwaya zai ji ba, makoki zai ji, irin wanda gidaje da yawa a garuruwanmu suka sani yanzu.

Bautar Shaiɗan kau, a waɗannan da na lissafa ban yarda da ita ba. Amma akwai abin da ya kamata ki sani, ba Musulmi ba ne kuma tunaninsu na fitowa a baitocinsu. Yes suna da wani albam na 1973, Tales from Topographic Oceans, da aka gina kan littattafan addinin Hindu, ƙarshen Supper's Ready daga littafin Kirista aka ɗebo hotunanshi, akan samu ashar jefi-jefi, fim ɗin Pink Floyd mai suna The Wall na 1982 kuma sam ba na yara ba ne, ko Alhaji na da shi kar a kunna a falo. A ɗaya gefen, wata waƙar Pink Floyd ta cikin The Wall a kan malaman makaranta masu wulaƙanta yara, ɗalibai baƙar fata a Afirka ta Kudu sun riƙa rera ta wajen zanga-zanga har gwamnatin wariyar launin fata ta haramta ta a 1980, kuma Roger Waters na cikin mawaƙan Turai da suka fi ɗaga murya a kan zaluncin da ake ma Falasɗinawa, ya sha suka da soke wasanni a kan haka.

Batun rashin jin Turanci kuma kar ya dame ki. Ki ce ma Alhaji ya sa maki waƙar Pink Floyd mai suna The Great Gig in the Sky. Wata mata ce, Clare Torry, aka kira aka ce ta yi waƙa kan mutuwa amma ba kalma, ta buɗe murya ta yi ta kuka da ita ta sauko tana lallashi, aka biya ta fam 30 ta tafi gida, sai bayan shekaru fiye da 30 ta kai ƙara kafin aka sa sunanta cikin waɗanda suka ƙirƙiri waƙar. Ki ji ta sannan ku zauna da shi ku tsara abin da yara za su ji da wanda zai bari sai sun yi barci.

TAMBAYA: Yaya, na ga wani bidiyo Pink Floyd na wasa a wani kango ba ɗan kallo ko ɗaya, mi ya faru, ba a sayi tikiti ba ne? Kuma wane wasa ya kamata in kalla, datata ba ta da yawa. Daga wani ɗalibi, Ƙofar Marusa.

AMSA: Ƙanena, ka sosa mani inda ke mani ƙaiƙayi. Wurin nan Pompeii ne, tsohon gari a Italiya wanda dutse mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79 miladiyya, da'irar dutsen da ka gani kuma nan Rumawa ke taruwa kallon faɗan takobi. A Oktoba 1971 wani mai shirya fim, Adrian Maben, ya kai su can da gangan ba kowa, saboda fina-finan wasa na lokacin duk taron jama'a suke haskawa, shi kuma makaɗan yake son a gani da hannuwansu. Wutar wurin ma ba ta isa kayansu ba sai da aka jawo doguwar waya daga cikin gari. In ka sake kallo ka sa ido kan Mason mai ganga a One of These Days, kiɗa ya yi zafi sanda ɗaya ta suɓuce mashi ta yi sama, hannunshi ya kai ga wata ya ci gaba, kiɗan ko gezau. Ka kuma ga inda Waters ke dukan wani ƙaton faranti na tagulla rana na bayanshi, Gilmour zaune a ƙasa cikin ƙura da jita a cinya. Ba ado ba komai, mutum huɗu ne ke sauraren juna. Gilmour ya koma wurin a 2016, wannan karon da 'yan kallo.

Amma nasara ta kai su wani wuri dabam. Bayan 1973 sai filin ƙwallo, dubban mutane na ihu suna harba tartsatsin wuta ba mai sauraro, har a 1977 a Montreal ta Kanada ran Waters ya ɓaci ya tofa ma wani ɗan kallo yawu a fuska. Abin ya dame shi, daga nan ya fara tunanin ai akwai katanga tsakaninshi da masu zuwa jin shi, to bari a gina ta kowa ya gani. Haka aka yi The Wall a 1979, a wasanninta na 1980 da 1981 ana cikin kiɗa ma'aikata na jera tubalan kwali ɗaya bayan ɗaya har katanga mai tsayin wajen mita 12 ta rufe makaɗan ruf, rabin wasa na biyu daga bayanta ake yi, sai can Gilmour ya ɓullo a samanta shi kaɗai haske na bayanshi yana jan jitar Comfortably Numb, a ƙarshe a rushe ta. Wasa 31 kawai suka yi a birane 4 saboda tsada, kuma asara suka tafka, Wright kaɗai ya fita da riba don lokacin an riga an cire shi daga ƙungiyar albashi ake biyan shi.

Ina girmama wannan aikin, amma gaskiya a wurina nan ne abin ya fara fin ƙarfin masu shi. Wata ƙungiyar prog, Emerson, Lake & Palmer, sun kai ga ɗaga fiyano sama yana juyawa da mai kaɗa shi a 1974, a 1977 kuma suka ɗebi ƙungiyar makaɗa sukutum suna yawo da ita har kuɗi suka ƙare suka sallame su a hanya. Ba mamaki da yaran punk, masu kiɗan rock mai sauri da hayaniya, suka taso lokacin da waƙar minti 2 suna masu ba'a. In kayan wasa suka fi makaɗi girma to an bar abin da aka zo yi.

Nan ne kuma nake cewa mu muna da abin da su suka rasa. A wasanmu mawaƙi na ganin ka, ya kira sunanka da na kakanka, ka tashi ka yi liƙi, sanƙira ya ƙara gishiri, ba katangar da za a gina. Abin da ke ci mani rai shi ne muna sakin shi da hannunmu, yanzu ka je biki sai ka ga an kunna kiɗan kwamfuta mawaƙi na motsa baki a kan muryarshi da aka ɗauka, in wuta ta ɗauke waƙa ta mutu. Kai da kake neman sanin daɗin wasa kai tsaye, kafin ka ƙona data ka je Daura da Sallar Gani ka tsaya kusa da masu tambari da kakaki da algaita, ka ji yadda ƙirjinka ke amsawa, wannan ne abin da mutanen da suka ga su Yes a 1972 ke ba da labari har yau, waya ba ta ba da shi.

Na kallo kuma, fara da Echoes ta Pompeii. Sai Comfortably Numb ta wasan Earls Court na Landan a 1994, jitar ƙarshe doguwa ce kar ka tsallake. In da saura ka nemo wasan Live 8 na 2 ga Yuli 2005, ranar da su huɗun suka hau dandamali tare bayan shekara 24 ana gaba da shari'a, waƙa huɗu suka yi, da aka gama Gilmour ya juya zai tafi Waters ya yafito shi da hannu suka rungumi juna, ba su sake haɗuwa su huɗu ba har Wright ya mutu a 2008. Ka rage ingancin hoton ka saya ma kunnenka iyafis na kirki, ka sauke da datar dare.

TAMBAYA: Malam raba mu gardama a majalisa, Genesis ta Peter Gabriel da ta Phil Collins wacce ta fi? Daga 'yan majalisar mai shayi, Sabon Layi.

AMSA: Jama'a, in prog ake magana ta Gabriel ce, mawaƙinsu na farko, daga 1970 zuwa fitarshi a 1975, musamman Foxtrot da Selling England by the Pound, lokacin da yake hawa dandamali da kan dila ko hular fure yana ba da labari tsakanin waƙoƙi. Sai dai masu raina Collins ku yi a hankali, shi ne ke kan ganga a duk waɗancan faya-fayan da kuke yabo tun shigowarshi a 1970, kuma albam biyu na 1976 da ya fara jan waƙa ba su da makusa. Daga baya ne suka koma gajerun waƙoƙin rediyo, suka yi kuɗi, ni dai ba su nake nema ba in na zauna. Wasansu na ƙarshe a Maris 2022 ne a Landan, Collins na zaune a kujera saboda ciwon baya ya hana shi riƙe sanda, ɗanshi Nic ne ya kaɗa mashi, Gabriel kuma na cikin 'yan kallo. Wanda ya faɗi gardamar shi biya shayin.

TAMBAYA: Wai baƙar fata ba su da hannu a kiɗan nan ne, sai Turawa zalla? Daga wani direba, Mai'aduwa.

AMSA: Suna da shi ɗan'uwa, tun daga tushe ma, don rock ɗin kanshi daga kiɗan baƙaƙen Amurka ya fito, jitar Gilmour kuma blues ce tsantsa. Ka nemi Osibisa, an kafa ta a Landan a 1969, Teddy Osei da Sol Amarfio da Mac Tontoh 'yan Gana, Lasisi Amao ɗan Najeriya, da wasu uku daga tsibiran Karibiyan. Faya-fayansu biyu na 1971 dogayen kiɗa ne masu canza kari ga ganguna ga ƙaho, kuma wanda ya zana masu giwaye masu fiffike a kwali, Roger Dean, shi ne daga baya ya zama mai zanen Yes, wato sai da ya yi ma 'yan Afirka aiki kafin duniya ta san shi da waɗancan.

A gida kuma, Ginger Baker mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila ya keto Sahara da mota a 1971 ya zo Legas, ya yi faifai da Fela, ya kafa sitidiyo a Ikeja. Daga cikin samarin da suka yi aiki da shi aka samu ƙungiyar BLO, ga kuma Ofege 'yan makarantar sakandare a Legas da suka fitar da faifai a 1973, jitarsu ba ta jin kunyar ta kowa. Shi Gabriel bayan ya bar Genesis ya kafa bikin WOMAD na kaɗe-kaɗen ƙasashen duniya, na farko a 1982 ya kawo makaɗan tambarin Burundi, bashi ya kusa karya shi har sai da tsofaffin abokanshi suka sake haɗuwa da shi dare ɗaya a Milton Keynes aka biya. Kai kuma da kake bakin iyaka ai ba sai ka je nesa ba, 'yan jitar Nijar irin su Bombino na Agadas da Mdou Moctar suna jan waƙa a dandamali su yi ta hawa da ita, Turawan da suka tashi da su Pink Floyd yanzu layi suke yi don ganin su.

TAMBAYA: Baba ina aiki a sitidiyo, ina haɗa kiɗan biki da na siyasa a kwamfuta. Na gwada bin Money ta Pink Floyd sai ƙafata ta riƙa ɓacewa kamar kiɗan na ɗingishi. Ina matsalar take, kuma zan iya yin irin shi da Hausa? Daga wani mai haɗa kiɗa, Katsina.

AMSA: Ɗana ƙafarka lafiya lau. Kusan duk abin da kake haɗawa a kwamfuta bugu 4 ne yake zagayowa, ita Money bugu 7 ce. Ka bi jitar bes ɗin kana ƙirga ɗaya zuwa bakwai ka koma ɗaya, za ka ga ta zauna daram. Ƙarar kuɗin nan da ta buɗe waƙar ma guda 7 ce, Waters ya yanka tef gunduwa-gunduwa daidai tsawo ya haɗa bakinshi ya zama zobe yana zagayawa. Sai ka lura da kyau, in aka zo wurin jitar Gilmour kiɗan ya miƙe ya koma 4, shi ya sa kake jin kamar an saki birki, in ya gama a sake komawa 7. In ka kama wannan ka gwada Solsbury Hill ta Gabriel ita ma 7 ce amma a sanyaye, sai Living in the Past ta Jethro Tull mai bugu 5.

Batun yi da Hausa kau, za ka iya, amma kar ka fara da kwaikwayon lissafinsu, in ka ɗora baitin Hausa kan 7 da ƙarfi karin harshen zai karye kowa ya ji. Abin da za ka ɗauka wurinsu shi ne yadda suke aiki, mutane a ɗaki ɗaya suna kallon juna. Ka nemo masu kalangu na gaske, suna nan Katsina da Funtuwa da Musawa da yawansu ba aiki sai lokacin biki, ka samo mai gurmi ko kukuma, ka ƙara mai jita ɗaya, ka kashe ƙaramin bugun nan na kwamfuta da ke tsare lokaci ka bar mai kalangu ya ja ragama, ya matse tsarkiya ya saki yadda ya saba, su sun iya ɗora uku kan biyu tun suna yara ba sai an rubuta masu ba. Ka biya su haƙƙinsu kafin su tashi kuma ka sa sunansu a jikin aikin. Waƙar biki da ta siyasa ka ci gaba da yi don ita ke kawo cefane, wannan kuma ka ware mata dare ɗaya a mako, ka bar ta ta kai minti 10 ko 15 in ta nema, kuma ka ba kiɗa fili ya yi minti 2 ko 3 ba murya. In ka haɗa ta farko turo mani ta adireshin mujalla in ji.